Maganin Gajiya a Mayankar Oko-Oba: Arahar Ƙwaya da Tsadar Wankin Ƙoda

AGEGE, LEGAS: Tun kafin kiran sallar asuba harkoki suke kankama a babbar mayankar Jihar Legas da ke Oko-Oba, cikin yankin Agege. Manyan motocin da suka kwana a hanya daga kasuwannin dabbobi irin su Potiskum, Mubi, Maigatari da Illela suna sauke shanu, masu ja suna kokawa da igiya, mahauta suna kayarwa suna fiɗa, 'yan dako kuma suna saɓa cinya da ƙirjin sa a kafaɗa zuwa bakin motocin da ke rarraba nama a kasuwannin birnin Ikko. Fataken shanu da dillalai da yaransu, da kuma da yawa daga cikin masu aikin ƙarfi a wurin, mutanen Arewa ne, suna aiki tare da mahauta Yarabawa. Hulɗar ta daɗe, domin tun lokacin da layin dogo ya ratsa Agege ya isa Kano a shekarar 1912 goro yake hawa Arewa, shanu kuma suna gangarowa Kudu.

A gefen wannan babban ciniki akwai wani ƙarami da ba ya shiga lissafin kowa, wato cinikin maganin gajiya. A ƙananan kemis da ke unguwannin Agege, da kan tiren masu tallar magani a tashoshin mota, ma'aikacin da ya tashi aiki jikinsa na tsami yakan miƙa 'yan canjinsa ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Mai kemis ya ɓalli ƙwaya ɗaya daga wannan kati, biyu daga wancan, ya ƙara kafso, ya ƙulle a 'yar leda. Babu takardar likita, babu kwalin da mai saye zai karanta, sau da yawa ma bai san sunan ko ɗaya daga cikin abin da zai haɗiya ba.

Likitocin ƙoda sun daɗe da sanin cewa wani rukuni na waɗannan ƙwayoyi, idan aka yawaita su, ko aka sha su a lokacin da jiki ya rasa ruwa, suna iya lahanta ƙoda. Abin da ya shigo da batun fagen tattalin arziki shi ne tazarar da ke tsakanin kuɗin ƙwayar da kuɗin ɓarnar da take iya jawowa. Ana sayen ƙwayar da canjin aljihu, jinyar ɓarnar kuwa takan ci gona da gida da jarin sana'a.

Dangi ɗaya, sunaye barkatai

Magungunan da ake magana a kansu su ne masu kashe zafin ciwo tare da sauke kumburi. Kakansu shi ne asfirin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1899, kuma shi ne babban sinadarin da ke cikin garin Alabukun da aka sani a Nijeriya tun 1918. Bayansa aka samu indometasin, wanda aka fi sani da Indocid, sai ibufurofen da kamfanin Boots na Ingila ya fara sayarwa a 1969 da sunan Brufen. A cikin shekarun 1970 kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan ya kawo dikulofenak da sunan Voltaren, sa'annan kamfanin Pfizer na Amurka ya biyo da firoksikam, wato Feldene, a 1980.

Dukkan waɗannan magunguna sun daɗe da fita daga hannun kamfanonin da suka ƙirƙiro su. Wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, saboda haka duk masana'antar da ta sami lasisi a Indiya ko Sin ko Nijeriya tana iya yin su ta liƙa musu sunan da ta ga dama. Wannan gasa ce ta sa suka yi araha, kuma ita ce ta sa sinadari ɗaya yake yawo a kasuwa da sunaye da launuka masu yawan gaske. A nan matsalar haɗin kemis take. Ƙullin da aka ba ɗan dako yana iya ƙunsar ibufurofen da dikulofenak da firoksikam a lokaci guda, shi kuwa yana ganin magani uku aka ba shi, alhali abu ɗaya ne aka ninka masa sau uku. Ƙa'idar likitanci ita ce ba a haɗa biyu daga cikin wannan dangi, domin ƙarfinsu na kashe ciwo yana da iyakar da ba ya wucewa, amma illarsu ga ƙoda da tumbi tana ƙaruwa da kowane ƙari.

Ya kamata a bambanta su da farasitamol, wanda ba danginsu ba ne, kuma haɗarinsa idan an wuce kima ya fi karkata ga hanta. Haka nan ba danginsu ba ne tiramadol da maganin tari mai kodin, waɗanda suka ɗauke hankalin hukumomi da malamai da iyaye, musamman tun da Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. Masu sauke kumburi ba sa bugarwa, ba sa sa maye, shi ya sa ba a yi musu wa'azi, ba a kuma kama kowa saboda su. Daɗin daɗawa, magunguna ne na ƙwarai. Ibufurofen yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma lafiyayyen mutum da ya sha shi bisa ƙa'ida na 'yan kwanaki, da wuya ya ga wata illa a ƙodarsa. Su ma ba su ne kan gaba wajen kashe ƙoda a Nijeriya ba. Hawan jini da kumburin matatan ƙoda da ciwon suga su ne manyan dalilai. Ƙwayoyin ciwon jiki sun fi yin aikin mai tura motar da dama ta kama gangara.

Yadda ɓarnar take aukuwa

Ƙodar ɗan Adam guda biyu ba su fi dunƙulen hannu ba kowacce, amma suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take bugowa. A kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari, tare da dattin da jiki ba ya bukata. Wannan aiki ya dogara kacokan ga isasshen jini yana shiga matatan da ƙarfi.

A shekarar 1971 masanin harhaɗa magunguna ɗan Ingila John Vane ya gano cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki yin wasu sinadarai da ake kira furostagalandin, binciken da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1982. Waɗannan sinadarai su ne suke ƙara raɗaɗi da kumburi a inda aka ji ciwo, saboda haka toshe su yana kawo sauƙi. Sai dai a cikin ƙoda suna da wani aiki dabam. Duk lokacin da ruwan jiki ya ragu, jijiyoyin jini sukan tsuke domin a tattala jinin da ya rage ga ƙwaƙwalwa da zuciya. A irin wannan hali furostagalandin ne yake buɗe jijiyar da ke kai jini ga matatan ƙoda, don kada su ƙafe. Mutumin da jikinsa ke cike da ruwa bai cika bukatar wannan kariya ba. Wanda ya bushe kuwa ita ce dogaronsa, kuma ita ce ƙwayar take cire masa.

Idan aka ɗora wannan bayani a kan yanayin aiki irin na Oko-Oba, sai a ga dalilin damuwa. A watannin Fabrairu zuwa Afrilu zafin Legas yakan haura digiri 30, ga laima a cikin iska wadda ke sa gumi ya yi ta zuba. Mai ɗaukar nama ko mai babbakar fata a bakin wuta yana zubar da ruwan jikinsa tun safe, ruwan sha kuwa na leda ne, saye ake yi. Wanda ya rako shanu daga Arewa ya kwana a saman mota, yana taƙaita shan ruwa don kada ya riƙa neman a tsaya. A watan azumi wani yakan haɗiyi ƙullin maganin da sahur don ya iya aikin yini, sa'annan ya yi awa goma sha uku ko fiye babu ɗigon ruwa. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro da gudawa, balle amai da gudawa irin wanda ya ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, waɗanda duk suke ƙarar da ruwan jiki, kuma a daidai lokacinsu ne mutum ya fi neman maganin ciwon jiki.

Hawan jini yana ƙara dagula lissafin. Binciken da aka yi ta yi a ƙasar nan ya nuna cewa kusan mutum uku cikin kowane baligai goma suna da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Waɗannan ƙwayoyi suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, su ɗaga jinin, su kuma rage ƙarfin maganin da ake sha don saukar da shi. Har wanda ya san ciwonsa yana shan magani bai tsira ba. A 2013 mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya ta buga wani nazari a kan mutane kusan rabin miliyan masu shan maganin hawan jini. An gano cewa waɗanda suka haɗa abu uku, wato maganin hawan jini irin lisinofiril ko losatan, da ƙwayar sa fitsari, da mai sauke kumburi, haɗarin tsayawar ƙoda farat ɗaya ya ƙaru musu da kashi 31 cikin 100, kuma a kwana talatin na farko ƙarin ya kai kashi 82 cikin 100. Dattijon dillali mai ciwon gwiwa, wanda likita ya ɗora a kan lisinofiril da Moduretic, yana cike gurbin na ukun da kansa duk ranar da ya tsaya a kemis.

Akwai wasu hanyoyin ɓarnar. Wani jikin yakan ƙi maganin, naman ƙodar ya kumbura, fitsari ya riƙa kumfa saboda sinadarin gina jiki da ke zurarewa. Wani kuma shekaru ake ɗauka ana ci a hankali. Masu ciwon sikila, waɗanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, suna cikin tsaka mai wuya, domin ciwonsu yana tilasta musu neman mai kashe raɗaɗi, ƙodarsu kuma dama mai rauni ce. A watan Oktoban 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mata masu juna biyu da su guji wannan dangi daga mako na 20, saboda yana iya taɓa ƙodar ɗan tayi. Abin da ya fi muni shi ne ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikinta bai ji komai ba. Alamun farko kuwa, kasala da ciwon kai da nauyin jiki, su ne ainihin abubuwan da suke mayar da shi wurin mai kemis ya ce a ƙara haɗa masa.

Ƙwaya a matsayin kayan aiki

Ba jahilci kaɗai ke sa leburan mayanka shan waɗannan ƙwayoyi ba, lissafi ne, kuma a gajeren zango lissafin daidai yake. Ana biyansa ne bisa abin da ya ɗauka ko ya feɗe a ranar. Ba shi da hutun rashin lafiya, ba shi da albashin ƙarshen wata, kuma idan ya kwanta akwai sabon zuwa daga gida da zai maye gurbinsa kafin azahar. Zuwa asibitin gwamnati yana nufin kuɗin mota, kuɗin kati, layi, da asarar ladan yini ɗaya. Zuwa kemis minti biyar ne, ana kuma iya ba shi bashi. Ga wanda iyali suke jiran aikensa a ƙauye, ƙwayar ta zama kayan aiki, tamkar wuƙa ga mahauci ko man fetur ga ɗan acaɓa. Matsalar ita ce farashin da ya biya bai ƙunshi dukkan kuɗin ba. Ragowar bashi ne da aka rubuta a kan ƙodarsa, wanda ba a gaya masa ranar biya ba, shi ma mai sayarwar galibi bai san da shi ba.

Ƙasashe masu masana'antu sun taɓa bin wannan hanya. A 1953 likitoci biyu a Suwizalan, Spühler da Zollinger, suka bayyana wata irin lalacewar ƙoda a jikin masu yawan shan gaurayen maganin ciwo mai ɗauke da sinadarin fenasetin. Daga baya aka ga cutar ta yi yawa a tsakanin ma'aikatan masana'antun agogo, waɗanda suke wuni a sunkuye suna fama da ciwon kai. A garin Huskvarna na Suwidin ma'aikatan wata babbar masana'anta sun mayar da shan wani garin magani mai fenasetin al'ada, suna ganin yana ƙara musu kuzarin aiki, har mutuwa ta ciwon ƙoda ta yi yawa a cikinsu. A Ostareliya garin Bex da na Vincent's sun kai dubban mutane, akasari mata, ga asibitin ƙoda. Abin da ya kawo sauƙi a can doka ce: an cire fenasetin, an kuma hana sayar da gaurayen maganin ciwo ba da takardar likita ba a 1979, Amurka ta janye fenasetin daga kasuwa a 1983, cutar kuma ta yi ta raguwa. Fenasetin ba ɗaya ba ne da ibufurofen, kuma ba a sayar da shi yanzu. Amma yanayin da ya yaɗa shi yana nan: aiki mai wuya, lada bisa abin da aka yi, magani mai araha a ƙofar wurin aiki, da kuma kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi, wanda ake gaurayawa a ciki ya sa mai sha ya ji garau ya kuma dawo gobe. Akwai kafso da dama a kasuwar Nijeriya da suka haɗa ibufurofen da farasitamol da kafeyin.

Mutanen kwata, da suka fi kowa sanin ungulu, za su fahimci wani misalin. Daga shekarun 1990 ungulayen Indiya da Fakistan suka fara mutuwa, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2004 masu bincike suka tabbatar da dalili: dikulofenak ɗin da ake yi wa shanu allurarsa yana saura a cikin mushe, ungulun da ya ci kuma ƙodarsa takan mutu cikin 'yan kwanaki. Indiya da Fakistan da Nefal sun hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Jikin mutum ya fi na ungulu jure wa maganin nesa ba kusa ba, sai dai gaɓar da yake kai wa hari ɗaya ce.

Daga Idumota zuwa tiren mai talla

Dogaron talakan Nijeriya ga kemis ya yi ƙarfi ne tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986, lokacin da darajar Naira ta faɗi, ɗakunan magani na asibitocin gwamnati suka zama wayam. Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye. Kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan kuma shigo da su ake yi, galibi daga Indiya da Sin, har masana'antun cikin gida ma daga waje suke sayo sinadaran da suke harhaɗawa. Saboda haka lokacin da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, ta tashi daga kimanin N460 kan Dala ɗaya zuwa sama da N1,500 a watan Fabrairun 2024, farashin magani ya bi ta. Kamfanin GSK ya ba da sanarwar rufe harkokinsa na kai tsaye a ƙasar a watan Agustan 2023, Sanofi ya biyo baya a watan Nuwamba. Idan kuɗin ganin likita da na gwaji da na maganin hawan jini na wata-wata suka hau, abin da ya rage a hannun lebura shi ne ƙwayar da ake ɓalla ɗaya-ɗaya.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar soja mai lamba 25 ta 1999 ta haramta sayar da magani a kasuwanni da tashoshin mota da bakin titi da cikin motocin haya. Lasisin mai ƙaramin kemis ya ba shi izinin sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne kawai, a cikin ainihin kwalinsu, ba ya kuma da izinin yin allura. Wato ɓallar ƙwayoyi a haɗa a leda, da allurar dikulofenak a bayan kanta, duk sun saɓa wa ƙa'ida. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, tare da Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, sun matsa wa manyan kasuwannin sari lamba a 'yan shekarun nan. A watan Fabrairun 2024 aka rufe shagunan magani na Sabon Garin Kano domin a tilasta wa masu su komawa sabuwar cibiyar sari da ke Dangwauro, a watan Fabrairun 2025 kuma aka kai samame Idumota a Legas da kasuwannin magani na Onica da Aba. Amma wannan yaƙi da jabu ne da kayan maye da magungunan da wa'adinsu ya wuce. Ƙwayar da ke cutar da ƙodar ɗan dako sau da yawa sahihiya ce, mai rajista, mai lambar hukuma. Laifin yana wurin yadda ake sayar da ita, kuma wannan ba a magance shi da kulle shago a Idumota.

Kuɗin da ke jira a ƙarshe

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba shi ne ya fara wankin ƙoda a Nijeriya a 1981. Wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya yana bukatar hawa na'ura sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama, wato sau 156 a shekara. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama ɗaya daga N50,000 zuwa N12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, ciki har da na Idi-Araba, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Ebute-Metta, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A tsohon farashi shekara ɗaya tana cin N7,800,000. A farashin tallafi tana cin N1,872,000. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Legas ta sanar a watan Oktoban 2024 shi ne N85,000 a wata, wato N1,020,000 a shekara, na tarayya kuma N70,000 ne, wato N840,000. Ke nan ko da tallafin, ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi zai miƙa duk abin da ya samu a shekara ga na'ura, bai kuma biya ba. Wannan lissafi bai haɗa da allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje da kuɗin mota ba, bai kuma lura da cewa mai lalurar ya daina iya ɗaukar kaya ba, balle a ce ɗan dako ba ya cikin tsarin albashin ma tun farko.

Shi ya sa rahotannin asibitocin koyarwa na ƙasar nan suke ta maimaita abu ɗaya, cewa mafi yawan waɗanda suka fara wankin ƙoda ba sa iya wuce wata uku. Dashen ƙoda, wanda aka fara a Asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma ya fara a 2002, yana cin miliyoyin Naira masu yawa, ga maganin da za a sha har ƙarshen rai. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, Jihar Legas ma tana da nata shirin mai suna Ilera Eko, amma zuwa ƙarshen 2024 waɗanda suka yi rajista a faɗin ƙasar ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Ga ɗan ci-rani, abin da aka saba gani shi ne 'yan uwa su yi karo-karo a masallaci, a sa shi mota a mayar da shi gida. A can ake sayar da ɗan abin da shekarun Legas suka tara, kuma asibitin Kano ko Zariya ko Sakkwato ne yake karɓar lalurar da aka ɗauko a Agege.

Abin takaici a nan shi ne irin tsayawar ƙoda da waɗannan ƙwayoyi suka fi jawowa tana warkewa idan an gano da wuri, aka daina shan su, aka ƙara wa mutum ruwa. Gwajin da ake bukata kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da zama ɗaya a kan na'ura: awon jini, tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari, da gwajin kiriyatinin, sinadarin da yawansa a jini ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Ƙa'idojin shan maganin ma a bayyane suke. Ibufurofen da mutum ya saya da kansa ba ya wuce miligiram 1,200 a yini, dikulofenak ba ya wuce miligiram 150, kuma na 'yan kwanaki ne. Firoksikam miligiram 20 ne sau ɗaya a rana, domin jiki yakan ɗauki kusan awa 50 kafin ya fitar da rabinsa, saboda haka mai sha safe da yamma tara shi yake yi. Tun 2007 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce bai dace da ciwon ɗan lokaci ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ko gyambon ciki, da tsoho, da mai amai ko gudawa, farasitamol bisa ƙa'ida ya fi musu aminci har sai sun ga likita. Raguwar fitsari ko kumfarsa, da kumburin ƙafa ko fuska, alamu ne na zuwa asibiti a ranar.

A gonakin rake na Nikaraguwa, inda ciwon ƙoda ya kashe dubban matasa masu yankan rake a cikin zafi, kuma ake lissafa yawan shan maganin ciwon jiki cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, matakin da ya rage raunin ƙoda a tsakanin ma'aikata shi ne ruwan sha kyauta a wurin aiki, da rumfar inuwa, da hutu na tilas a tsakanin aiki. A Oko-Oba akwai ƙungiyoyin fatake da na dillalai da na mahauta, akwai sarakunan sana'a, kuma dama suna karɓar kuɗin ƙungiya daga mambobinsu. Tankin ruwan sha a kowane sashe, da na'urar awon jini a ofishin ƙungiya, da ma'aikacin jinya da zai riƙa zuwa sau ɗaya a wata, da rajistar mambobi a dunƙule cikin Ilera Eko, duk abubuwa ne da waɗannan ƙungiyoyi za su iya yanke shawara a kansu a zama ɗaya, ba tare da jiran kasafin kuɗin Abuja ko na Alausa ba.